Iskar Tayar Keke Napep

Duk wanda ya kwana biyu yana jan Keke Napep a Gusau ya san taya, ba sai an koya masa ba. Ya san girman da ake sa wa Bajaj da TVS, wato 4.00-8, kuma a rubuce yake a jikin tayar. Idan za ka saya, duba lambobi huɗun da ke gefenta: in ka ga 2523, an ƙera ta ne a mako na 25 na shekarar 2023. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, robar ta bushe. A bar gwanjo.

Abin da ya dame mu shi ne shura taya da ƙafa don a gane iskarta. Ƙafa ba geji ba ce.

Wani mai keke, Malam Sani, ya tashi da asuba zai kai buhunan masara Tsafe. Ya shuri tayar baya sau biyu, ya ce, "Lafiya lau." Matarsa Hajara tana tsugune bakin murhu tana dama koko, ta ɗago kai.

"Baban Aisha, jiya ma haka ka ce, ka dawo kana tura keke."

"Ke me kika sani game da taya?"

"Na san kuɗin cefanen da ya tafi wurin mai faci."

Ya yi tsaki, amma bai karya kumallo ba sai da ya biya wurin mai faci. Aka sa geji, ashe tayar hagu ta yi ƙasa sosai.

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta yi zafi, ta cinye gefenta, ta kuma sha maka mai. Wadda aka cika fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, kuma a zafin watan Afrilu, kan kwaltar Bungudu, tana iya fashewa da fasinja a ciki. Ƙafa ba ta gane ko ɗaya. A sa geji!

Adadin iskar yana cikin littafin kekenka, gaba daban, baya daban. Tayoyin baya biyu su zama daidai da juna, in ba haka ba keken zai riƙa ja gefe ɗaya. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, ko da sau ɗaya ne a mako.

Akwai maƙwabtan da za ka ji suna cewa, "Ƙara mata iska, yau kaya zan ɗauka," ba awo, ba komai, sai tayar ta yi tauri. Su ne za ka gani a bakin hanyar Funtuwa da tsakar rana, taya ta fashe, mata da yara na tsaye a rana suna jira. In mai facin unguwarku ba shi da geji, ka nemi wani.