Abin Da Masu Bincike Suka Gano A Tsibiran Tafkin Cadi

Wanda ya bi hanyar Maiduguri zuwa Bama ta kan Konduga zai lura da wani dogon tudun rairayi da hanyar ke bi. Masana sun tabbatar cewa tudun nan tsohon bakin Tafkin Cadi ne. A wancan zamani ruwan ya malale ƙasa mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 300,000, kuma an tono ɓaraguzan tukwane a Konduga waɗanda shekarunsu suka wuce 6,000. Watau inda ake noma a yau, masunta ne a dā.

Tafkin da ya rage yana can arewa maso gabas, da ɗaruruwan tsibirai a cikinsa. Akasarinsu kawunan tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye, shi ya sa suke jere reras, dogaye, sirara. Mazaunansu su ne Buduma, masu kiran kansu Yedina. Bature na farko da ya kewaya tsibiran shi ne Adolf Overweg, Bajamushe, a 1851, cikin jirgin ruwan da aka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma daga Tarabulus. Amma bincike na sosai sai bayan da Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964. Masanan Faransa na ORSTOM suka duƙufa ta gefen Cadi, ta gefenmu kuwa aka yi aiki a Malam Fatori da Baga. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Tafkin Cadi a Maiduguri.

Abu na farko da aka auna shi ne ruwan kansa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan koguna da ke shiga tafkin daga Shari da Lagone yake fitowa. Komadugu Yobe ɗan kaɗan take kawowa. Tafkin ba shi da zurfi, saboda haka da zarar damina ta gaza a kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya, sai bakin ruwa ya ja da baya kilomita da yawa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na arewa ya riƙa ƙafewa, tsibirai da dama suka haɗe da tudu.

Nan ne fa binciken kifi ya nuna amfaninsa, domin an riga an ƙididdige irin kifaye fiye da 100 a yankin tun kafin fari, aka sami abin gwadawa. Kifayen da ke son sararin ruwa, kamar giwan ruwa da waɗanda ke hawa Shari su zuba ƙwai, suka ragu ƙwarai. Ciyayi suka rufe ruwa, iskar da ke cikinsa ta yi ƙaranci, sai tarwaɗa da gaiwa da karfasa suka yawaita, don su ke jure wa fadama. Wanda ya sayi bandar Baga a kasuwa ya ga tarwaɗa ta fi yawa, to ga dalili. Masunta ma dole suka sake kayan aiki, gura ta kama wuraren da a dā ake shimfiɗa kalli.

Tsuntsaye kuma fa? A 1967 wata ƙungiyar masana daga Ingila ta sauka Malam Fatori tana kama ƙananan tsuntsayen da ke komawa Turai da bazara, tana auna nauyinsu, tana sa musu zobe a ƙafa. Aka gane cewa a bakin tafkin suke tsayawa su tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itacen asuwaki kafin su keta Sahara. In aka sare itatuwan nan, an ƙwace musu guzuri ke nan.

Sai shanun Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri don neman ciyawa. Ba su jin daɗin tudu mai ƙura. Janyewar ruwa ta sa suna cuɗanya da shanun tudu, asalin irin yana raguwa, alhali suna da nono mai yawa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa maganar da ake yawan yi, wai tafkin na gab da ɓacewa, ba ta yi daidai da awo ba. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 ɓangaren kudu bai ƙara tsukewa ba, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, da harin Baga na 2015, sun hana ma'aikata shiga tsibiran. Tauraro kuwa yana iya auna faɗin ruwa daga sama, amma ƙidayar kifi da dorina da shanun Kuri sai mutum ya shiga kwalekwale da kansa.