Taswirar kifayen ƙarƙashin teku

1. Mu duba ƙasarmu

Yara, garinmu Filinge yana cikin Dallol Boso. In mutum ya taso daga tsakiyar dallol ya hau tudu, zai ga itatuwa suna sakewa. A ƙasa, inda ruwa yake kusa, akwai gawo da goriba. A bisa fako, inda ƙasa take da tsauri da tsakuwa, akwai geza da sabara da anza. Kowane icce da wurin da yake so, kowane kuma da abokan zamansa. Makiyayin Kurfai ya san haka. In ya hango goriba, ya san rijiyar wurin ba za ta yi zurfi ba.

Haka kifi yake cikin ruwa. Bai watsu ko'ina barkatai ba. Yana zaune unguwa-unguwa. Yau za mu ga yadda masana suka gano unguwannin kifin da ke zaune a ƙasan teku, da yadda suka zana taswirarsu, da amfanin wannan taswira.

2. Ina ruwanmu da teku?

Nijar ba ta da teku. Daga Filinge zuwa bakin teku mafi kusa akwai fiye da kilometir 800. Amma hanya ba ta yanke ba. Dallol Boso hanyar tsohon kogi ce, ta gangara kudu har ta tarar da kogin Kwara a Bumba. Kogin kuma ya wuce Gaya, ya ratsa Nijeriya, ya zuba cikin tekun Atalantika. Laka da yashin da yake ɗauke da su, can suke kwantawa.

Ban da wannan, kifin sanyi da ake sayarwa a kasuwannin Yamai daga teku yake zuwa. In kifin teku ya ragu, kuɗinsa zai hau, miyar gidaje da yawa za ta rasa nama.

3. Wuyar aikin

Makiyayi yana ganin itatuwa da idonsa. Masunci ba ya ganin ƙasan teku. In an wuce zurfin metir 200, hasken rana kaɗan ne ke isa. Kifi kuma ba ya tsayawa wuri guda balle a ƙidaya shi. To, yaya za a yi?

Mu tuna da mai sayen hatsi a kasuwa. Ba ya zazzage buhu duka ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yana tsoma hannu sama, ya tsoma tsakiya, ya tsoma gindi. Daga ɗan abin da ya ɗebo yake sanin buhun duka. Wannan shi ne ɗiban gwaji. Amma sai an yi shi bisa ƙa'ida. In sama kaɗai ya duba, mai hatsi na iya ɓoye masa tsakuwa a gindi.

4. Babban binciken 1963 da 1964

A shekarun 1963 da 1964 an yi babban ɗiban gwaji a gaɓar Afirka ta Yamma, tun daga iyakar Senegal da Gine Bisau har bakin kogin Kwango. Jiragen ruwa biyu na Faransa suka yi aikin, ɗaya sunansa Thierry, ɗaya La Rafale. Shugaban aikin wani masani ne mai suna Frank Williams.

Ga yadda suka tsara shi. Sun ja layi 63 bisa taswira. Kowane layi ya taso daga gaɓa ya nufi tsakiyar teku. Tsakanin layi da layi akwai wajen kilometir 74. A bisa kowane layi sun zaɓi zurfi iri 8, daga wajen metir 15 har zuwa ɗaruruwan metir. A kowane wuri jirgi yana sakin babban taru har ƙasa, ya ja shi awa guda, sa'an nan a ɗago.

In taru ya hau, sai a zube kifin, a ware shi iri-iri, a auna nauyin kowane iri, a rubuta. Ana rubuta zurfin wurin, da zafin ruwan, da irin ƙasar da ke gindi: laka ce, ko yashi, ko dutse. An bi layukan sau biyu, a lokuta dabam na shekara, don kifi ma yana ƙaura kamar garken shanu. Rahoton aikin ya fito a Legas a 1968, da sunan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Mu lura da abu guda. Tarun iri ɗaya ne, lokacin ja kuma ɗaya ne. In a nan an ja awa guda, a can awa uku, ba za a iya gwada kamun biyu ba. Mudun awo ɗaya ake so a kasuwa duka.

5. Lissafi ya nuna abokan zama

Bayan an gama, takardu sun cika da lambobi. Sai aka koma ga lissafi. Tambayar ita ce: waɗanne kifaye ne ake yawan samu cikin taru ɗaya?

Ga misali na aji. A ce an ja taru sau 10. An sami kifi A sau 6, an sami kifi B sau 5. Duk inda aka sami B, akwai A. To, A da B abokan zama ne. Kifi C kuma an same shi sau 4, amma ko sau ɗaya bai fito tare da A ba. C ɗan wata unguwa ne.

Irin wannan lissafi ne masana biyu, Edward Fager da Alan Longhurst, suka yi da lambobin binciken, suka buga sakamakon a 1968. Longhurst ya yi shekaru yana aikin kifi a Saliyo da Legas. Ga manyan unguwannin da aka sani a wannan gaɓa:

– Unguwar laka. Tana kusa da gaɓa da bakin koguna, inda ruwa yake da ɗumi da dauɗa. A nan ake samun kifaye masu gurnani, waɗanda ke yin ƙara da wata jakar iska da ke cikinsu. A nan jatan lande ma yake.

– Unguwar yashi. Tana can ciki, inda ruwa ya fi sanyi da haske. A nan jajayen kifaye masu faɗin jiki suka fi yawa.

– Unguwar duwatsu. Kifayenta suna ɓuya cikin ramukan dutse, inda taru yakan yage.

– Unguwar gangara. Ita ce inda ƙasa ta sunkuya zuwa zurfi mai duhu, bayan metir 200.

Mene ne katangar da ta raba unguwar laka da ta yashi? Zafin ruwa ne. Ruwan sama yana da ɗumi don rana tana dukansa. A wurare da yawa, wajen zurfin metir 30 zuwa 50, sai ruwa ya yi sanyi farat ɗaya. Wannan iyaka ba a ganinta da ido, amma kifi ya san ta.

6. Daga lambobi zuwa taswira

Taru bai taɓa ko'ina ba. Tsakanin layi biyu akwai kilometir 74 da ba a duba ba. Amma in an san zurfin wuri, da zafin ruwansa, da irin ƙasarsa, ana iya cewa wace unguwa ce ta fi dacewa a samu a can. Sai a shafa wa kowace unguwa launinta bisa taswira.

A yau kwamfuta ce ke wannan lissafi. Jiragen bincike suna da na'urar da ke aika ƙara zuwa ƙasan teku, ta saurari amsa-kuwwa, ta faɗi zurfi. Tun 1975 ƙasar Norwe da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, suke aika jirgi mai suna Dr Fridtjof Nansen yana irin wannan aiki a tekunan Afirka da Asiya.

Taswirar kirki tana nuna inda aka tabbata da inda ake zato kawai. Inda aka ja taru sau da yawa, magana tana da ƙarfi. Inda ba a ja ba, sai a yi hattara.

Taswira kuma takan tsufa. A shekarun 1970 wani kifi mai kaurin fata, wanda da ba shi da yawa, ya cika ruwan Gana da na Gine. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ya ragu ƙwarai. Don haka ake komawa a sake awo.

7. Amfanin taswira

A Argungu akwai wurin da ake kira Matan Fada. Ba a su a wurin sai ranar biki, shi ya sa kifinsa yake girma. A teku ma ana keɓe wurare don kifi ya hayayyafa. Amma wane wuri za a keɓe? In an rufe inda ba kifi, an yi aikin banza. In an rufe teku duka, masunta da iyalinsu sun shiga yunwa. In an tsare unguwar yashi kaɗai, ƴan unguwar laka ba su tsira ba. Taswira ce ke taimakon hukuma da masunta su zauna su zaɓi yanki daga kowace unguwa.

A 1976 Muritaniya ta keɓe yankin Ban Dargen, inda ƙananan kifaye suke girma. A 2004 Senegal ta keɓe wurare 5, cikinsu har da Bambung. A Bambung an ƙidaya kifi kafin a rufe, aka ci gaba da ƙidaya bayan an rufe, aka ga manyan kifaye sun ƙaru. A 2022 kuma, a birnin Mantiriyal na Kanada, ƙasashen duniya sun amince su tsare kashi 30 cikin 100 na teku da na tudu kafin 2030.

Mu riƙe

Kifi yana zaune unguwa-unguwa bisa ga zurfi, da zafin ruwa, da irin ƙasa. Da ɗiban gwaji da lissafi ake zana taswirarsa. Da taswira ake zaɓen wurin da za a tsare.

Kalmomi da Faransanci

taswira: carte, ɗiban gwaji: échantillon, tarun ja: chalut, kifi mai gurnani: otolithe, jan kifi mai faɗi: dorade, kifi mai kaurin fata: baliste.

Tambayoyi

1. Don me ba a iya ƙidaya kifin teku duka?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ke raba unguwannin kifi?
3. Layi 63 ne, kowane da wuri 8. Wuri nawa ke nan? In an bi su sau biyu, ja nawa aka shirya yi?
4. Me zai faru in an tsare unguwa ɗaya kaɗai?

Aiki

Ku fita tare da malam. Ku ja layi daga tsakiyar dallol zuwa bisa tudu. Bayan kowane taki 200 ku tsaya, ku shata fili mai taki 20 kowane gefe, ku rubuta itatuwan da ke ciki da irin ƙasar. In kun komo aji, ku zuba lambobin bisa allo, ku nemi itatuwan da ke zama tare, ku zana taswirarsu cikin kaye. Sa'an nan ku tattauna: in gari zai keɓe wuri biyu da ba a saran icce, ina da ina za ku zaɓa, kuma don me?