Robar Wuyan Hannu Ba Ta Shan Jinin Yaro

Daga Dambatta zuwa Makoɗa da Kunci, wata magana tana yawo a gidajen suna da majalisun ƙofar gida: wai idan aka kai yaro tiyatar zuciya, likitoci na soka masa roba a wuyan hannu suna zuƙe jininsa, na'urar sikanin da suke ɗora masa kuma tana ƙona jijiya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta isa ta sa uban da aka tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ɗa mai rami a zuciya ya juya gida ya zauna.

Robar nan awo take yi. Ana zura ta cikin jijiyar da ke bugawa, wadda kake ji a ƙasan babban yatsa, don likita ya ga ƙarfin jini a kowane bugun zuciya. Abin awon da ake ɗaurawa a dantse sai bayan mintoci yake kawo labari, a tiyatar zuciya kuwa minti ɗaya ba wasa ba ne. Jinin da ake ɗiba ta cikinta a lokaci guda don gwaji bai cika ƙaramin cokali ba. Shi kuwa sikanin amo ne kawai, irin wanda ake yi wa mai juna biyu, babu hasken eksire a cikinsa. Kaurin jijiyar jariri bai wuce milimita 2 ba, kamar tsinken tsintsiya. Mai lalube da yatsa yakan soka ya sake sokawa, jijiyar ta tsuke, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Mai kallon allon na'ura kuwa yana bin bakin allurar har ta shiga. Nazarin Cochrane na 2016 kan yara ya nuna an fi dacewa tun sukan farko idan da sikanin.

Wani zai ce ai da hannu ake yi tun da. Haka ne, gwani yakan dace, kuma na'ura a hannun wanda bai koya ba ba ta tsinana komai. Amma wannan hujja ce ta a horar da likitoci. Laifin asibitocinmu shi ne barin uwa a tsaye babu mai yi mata bayani da Hausa. Shirun nan shi ke ciyar da jita-jita.

Gargaɗina ɗaya ne: kada a taɓa robar nan. Ba ta ƙarin ruwa ba ce, ba a sa magani ta cikinta. Jinin wannan jijiya da ƙarfi yake tafiya, idan aka fizge ta feshi zai yi, jariri kuma ba shi da jinin asara. Ko yaro na kuka, ko kaka ta matsa, kada a kwance bandejin. Baba da Inna, idan kun ga yatsunsa sun yi sanyi, sun yi fari ko shuɗi, ku kira nas nan take.