Damuwar Matashin da Aka Kai Baƙuwar Ƙasa

Yaron da aka ɗauke daga ƙasarsa yana tsakanin shekara 13 zuwa 18 yakan fi kowa a gidan jin nauyin ƙaura, ko da yake shi ake zaton zai fi saurin sabawa. Ƙannensa ba su bar abin da za su daɗe suna kewa ba. Iyayensa su suka yanke shawarar tafiya, sun san abin da suka je nema. Shi kuwa ba a shawarce shi ba, kuma an raba shi da abokansa a daidai lokacin da ya fi buƙatarsu. Dama waɗannan shekaru ne masu rauni: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Babbar asarar da ba a cika lura da ita ba ita ce ta masu shiga tsakani. A gidan Bahaushe matashi ba ya kai kukansa wurin uwa ko uba kai tsaye, balle in ɗan fari ne, wanda kunya ke hana iyaye ko ambaton sunansa. Akwai kaka abokiyar wasa, akwai goggo da kawu, su ke jin abin da ke ransa su isar da shi cikin dabara. Iyalin da suka koma Landan ko unguwar Bronx ta birnin New York sukan tafi da kunyar su baro kakar. Sai a wayi gari mutum biyar a gida mai ɗaki biyu, ana ganin juna safe da yamma, amma babu mai jin cikin wani.

Harshe yana ƙara faɗaɗa wannan tazara. Cikin ɗan lokaci yaro ya fi iyayensa jin yaren ƙasar, sai ya zama tafintan gida. Shi ke karanta takardar mai gidan haya, shi ke raka mahaifiyarsa asibiti ya fassara abin da bai kamata ɗa ya ji ba. Wasu yaran suna alfahari da wannan aiki, amma in ya kai ga bashi da rashin lafiya da takardun zama, ya fi ƙarfin shekarunsu. A waje kuma ga dariyar yadda yake furta kalmomi, ga tsangwama kan launin fata ko hijabi, ga hunturun da rana ke faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. In an taɓa barinsa a gida shekaru kafin a aiko masa da biza, sai ya tarar da iyayen da ya fi saninsu ta waya. Binciken Carola Suárez-Orozco kan yaran baƙi a Amurka ya nuna waɗanda aka raba da iyayensu sun fi nuna alamun ciwon damuwa.

Da wuya matashi ya ce yana cikin damuwa. Abin da ake gani shi ne yawan ciwon kai da ciwon ciki ba tare da likita ya ga cuta ba, barcin rana da farkawar dare, ƙin zuwa makaranta, kulle kai a ɗaki, da saurin fushi. Fushin nan ne ya fi ruɗar iyaye, domin sukan ɗauke shi fitsara da lalacewar tarbiyya irin ta ƙasar waje. Kewa ta 'yan watannin farko ba cuta ba ce. Amma in alamun suka wuce mako biyu a jere suna hana karatu da ci da barci, an bar batun kewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tilasta wa yaro ya zaɓi ɗaya, ko gida ko waje. John Berry, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Kanada, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2006 kan matasa baƙi fiye da 5,000 a ƙasashe 13. Waɗanda suka riƙe al'adar gida suka kuma shiga cikin jama'ar ƙasar sun fi sauran natsuwa, waɗanda ba su kama ko ɗaya ba su suka fi shan wahala. Don haka a ci gaba da Hausa a gida ko da yaro yana amsawa da Turanci, a kai shi masallaci ko coci da tarukan 'yan gida, a kuma bar shi ya shiga ƙungiyar ƙwallo ya kawo abokansa 'yan ƙasar su ci tuwo. A daina yi masa barazanar mayar da shi gida; wannan yana mai da ƙasarsa wurin horo, yana kuma koya masa ɓoye matsala.

A nema masa babba ɗaya da zai riƙa sakewa da shi, ko kawu ta kiran bidiyo, ko malamin da ya yarda da shi. A asibiti da ofishin shige da fice iyaye su nemi tafinta na hukuma. Hira da yaro ta fi yiwuwa a mota ko wurin girki, inda ba a kallon juna ido cikin ido. A cire waya daga ɗakin kwana, domin masu waɗannan shekaru suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

In alamun suka ƙi wucewa, a fara da likitan iyali ko mai ba da shawara a makaranta. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, ana haɗa su. Yaron da ya yi maganar gajiya da rayuwa, ko aka ga tabon yanka a hannunsa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da makamai, a kai shi sashen gaggawa a ranar. A Amurka ana kiran 988 dare da rana, a Birtaniya kuma 999 idan rai yana cikin haɗari.