Yadda Ake Fitar Da Sinadaran Magani Daga Saiwar Itace A Ɗakin Gwaji

A TikTok da WhatsApp ana yawan tallar jiƙon saiwoyi da cewa "bincike ya tabbatar" suna kashe ƙwayoyin cuta. Wannan darasi zai nuna yadda ake irin wannan binciken da abin da sakamakonsa yake nufi. Misalin da za a ɗauka shi ne saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, masana kuma suke kira Securidaca longepedunculata.

Mataki na 1: Tantancewa da busarwa
Ana fara kai tsiron wurin masana su tabbatar shi ne, kamar ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sai a wanke saiwar, a yayyanka, a shanya a inuwa, domin zafin rana yana lalata wasu sinadaran. Idan ta bushe a niƙe ta.

Mataki na 2: Jiƙawa
Ana jiƙa garin cikin ruwa, ko itanol, ko metanol, na kwana 2 zuwa 3 ana girgizawa. Kowane ruwa da abin da yake janyowa, shi ya sa saiwa ɗaya kan ba da sakamako daban-daban. Wasu kan yi amfani da na'urar Soxhlet, wadda aka ƙirƙira a 1879, mai zagaya ruwan da zafi a kan garin. Bayan an tace, sai a ƙafar da ruwan a wata na'ura mai juyawa, a bar ɗanyen sinadari mai kauri.

Mataki na 3: Gwajin kare ƙwayoyin jiki
Ana haɗa sinadarin da wani ruwa mai launin shuni da ake kira DPPH. Idan yana ɗauke da abubuwan da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, launin zai kwashe ya koma ruwan ɗorawa. Na'urar auna haske ce take karanta sauyin, amma yanzu masu bincike suna gwada yin hakan da kyamarar waya da manhajar tantance launi.

Mataki na 4: Gwajin kashe ƙwayoyin cuta
Ana shafa ƙwayar cuta irin su E. coli a faranti mai abincinta, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga sinadarin, a ajiye a zafin digiri 37 na kimanin awa 24. Idan da'ira ta fito wadda ƙwayar ta kasa tsirowa a cikinta, sai a auna faɗinta da milimita.

Inda gizo ke saƙar
Faranti daban, jikin mutum daban. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti yana iya kasa kaiwa inda cutar take, ko ya taɓa hanta da ƙoda. Saiwar sanya tana ɗauke da methyl salicylate, mai ƙamshi irin na man zafi, kuma yawansa a ciki guba ne. Kafin a kira abu magani sai an gwada gubarsa, an gwada shi a kan dabbobi, sannan mutane, an kuma tsayar da ƙa'idar sha.

Saboda haka duk wanda ya ci karo da irin wannan talla, ya tambaya: a faranti aka yi gwajin ko a jikin mutane? Ya kuma duba ko kwalbar tana da lambar rajistar NAFDAC, ya tuntuɓi likita kafin ya kai baki.