Tarwaɗa Ce Ko Ramboshi?

Mu mutanen Kwargaba da Wurno mun saba da kifin kogin Rima, amma da yawa cikinmu ba ma iya rarrabe tarwaɗa da ramboshi. Dukansu suna da gashin baki, ba su da ɓawo, ga santsin jiki.

To, mu dubi bayan kifin. Fiffiken bayan tarwaɗa guda ne, dogo, har kusa da wutsiya. Na ramboshi kuwa biyu ne: na gaba mai ƙashi, na baya tsoka zalla.

Sai mu yi hattara da 'yar'uwarsu minjirya, mai ɗige-ɗige a jiki. Ita ba ta da fiffiken gaban, kuma tana jan mutum kamar wutar lantarki. Saboda haka mu duba tukuna kafin mu sa hannu cikin koma.