Yadda Ake Neman Gurbin Digirin Digirgir Mai Albashi a Turai Ta Wayar Hannu

Da yawa daga cikin matasanmu na ganin digiri na uku, wato digirin digirgir, sai ɗan mai hali. A wasu ƙasashen Turai kuwa aiki ne ake ɗaukar mutum. A Holand da Suwidin, yawancin masu wannan karatu ma'aikatan jami'a ne: suna sa hannu a takardar aiki, ana biyansu albashi duk wata, karatun kuma shekara 4 ne. A darasin yau za mu ga yadda za ka nemo waɗannan guraben da wayarka.

1. Inda ake tallata guraben

Buɗe burauzarka ka rubuta EURAXESS. Shafi ne na Hukumar Tarayyar Turai da jami'o'i da cibiyoyin bincike ke tallata aiki a kansa, kuma kyauta ne. Zaɓi fanninka, ko kimiyyar kwamfuta ce ko ta halittu, sannan ka zaɓi ƙasa. In Holand kake so, duba AcademicTransfer. A Jamus, cibiyoyin Max Planck na da makarantun bincike da ake kira IMPRS, waɗanda ake karatu a cikinsu da Turanci.

2. Karanta sharuɗɗa kafin ka ɓata data

Yawancin guraben na buƙatar digiri na biyu, wasu kuma na neman sakamakon IELTS ko TOEFL. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana karɓar ɗan kowace ƙasa, amma da sharaɗi biyu: kada ya zama kana da digirin digirgir, kuma kada ya zama ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata.

3. San aikin malamin

Kowane gurbi yana ƙarƙashin wani farfesa. Nemi sunansa a Google Scholar, ka karanta taƙaitaccen bayanin maƙalunsa biyu ko uku na baya-bayan nan. Idan ka zo rubuta wasiƙar neman gurbi, ambaci ɗaya daga ciki, ka nuna inda ta haɗu da binciken da ka yi. Wasiƙa ɗaya da aka tura wa mutum hamsin, daga kallon farko ake gane ta.

4. Tanadi takardunka

Ɗauki hoton shaidar karatu da takardar sakamako da manhaja irin Google Drive, ka mayar da su PDF, ka sa wa kowace suna a fili. Buɗe lambar ORCID, lamba ce mai alamomi 16 da ke bambanta mai bincike da masu suna irin nasa, ita ma kyauta ce. Sanar da malamanka biyu da wuri cewa za a nemi shaidarsu.

5. Hattara da 'yan damfara

Duk wanda ya tuntuɓe ka a WhatsApp ko Telegram yana neman kuɗi don ya samo maka gurbi, ka rabu da shi. Tabbatar tallan yana nan a shafin jami'ar kanta, kuma adireshin imel ɗin na jami'ar ne.

Abu na ƙarshe, sa ranar rufe karɓar takardu a kalandar wayarka, ka tura saura kwana biyu ko uku. Lokacin can na iya bambanta da namu, kuma intanet ba ta da tabbas. Allah Ya ba da sa'a.